Wa Zai Ce Ya Isa? Tarihin Bugun Kai a Zari-Rugar Jami'o'in Amurka

Ranar Asabar 27 ga Satumba, 2014, mutum sama da dubu ɗari suka cika filin wasan Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor don kallon karawa da Jami'ar Minnesota a wasan zari-ruga irin na Amurka. A zubi na huɗu, wanda shi ne na ƙarshe, Michigan na shan kashi, sai wani ɗan bayan Minnesota mai suna Theiren Cockran ya taho a guje ya gabza wa Shane Morris hular kwanonsa a haɓa, daidai lokacin da ya saki ƙwallo. Morris shi ne mai jefa ƙwallon Michigan a ranar, wato wanda duk harin ƙungiya ke fitowa daga hannunsa, kuma shekarunsa ashirin. Dama tun kafin nan yana ɗingishi saboda ciwon idon sawu. Ya miƙe, ya yi ɗan taku, ƙafafunsa suka saki, sai da ya jingina da wani abokin wasansa sannan ya tsaya. Ya ɗaga hannu ya yi wa benci alamar a bar shi. Aka bar shi.

Ya ƙara jefa ƙwallo sau ɗaya sannan aka fitar da shi, Devin Gardner ya karɓe shi. Ba a jima ba hular Gardner ta cire a tsakiyar wasa. Doka kuwa ta ce wanda hularsa ta cire dole ya fita har a yi hari ɗaya ba da shi ba, in ba koci ya nemi a tsayar da agogo ba. Mai jefa ƙwallo na uku ya shiga lalube, bai ga tasa hular ba. Sai aka waiwayo aka mayar da Morris cikin fili. Ya miƙa ƙwallo ga wani, aka sake fitar da shi, daga bisani aka ɗauke shi a ƙaramar mota. Minnesota ta ci 30 da 14.

Kafin gari ya waye musu ya kaure a duk inda magoya bayan Michigan ke haɗuwa, a gidajen rediyo da intanet da ɗakunan kwanan ɗalibai. Wasu suka ce koci Brady Hoke ne mai laifi, ko makaho ya ga yaron ba ya cikin hayyacinsa. Wasu suka ce ƙafar ce ta sa shi tangaɗi, kuma ba aikin koci ba ne duba marar lafiya, akwai likitoci a gefen fili. Wasu kuma suka ce ai yaron da kansa ya ce a bar shi. Hoke ma ya taɓo wannan hujjar bayan wasa, inda ya nuna cewa Morris jarumi ne, da ba zai iya ba da ya fito ko ya zauna a ƙasa. Ranar Litinin ya gaya wa 'yan jarida cewa a iya saninsa ba a samu Morris da ciwon kai ba. Sai da misalin ƙarfe ɗaya na daren Talata, lokacin da kowa ke barci, shugaban sashen wasanni na jami'ar, Dave Brandon, ya fitar da sanarwa cewa tun ranar Lahadi likitoci suka gano akwai alamar girgizar ƙwaƙwalwa. Bayaninsa shi ne masu kula da lafiya da ke gefen fili ba su ga dukan ba, wanda ya duba Morris ƙafarsa kawai ya duba ya ce zai iya komawa, shi kuwa likitan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar yana can nesa, ya ga tangaɗin, amma kafin ya iso an riga an mayar da yaron.

A sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta, idan tsari ya rushe ba a fara da tambayar wa ya danna maɓalli. Ana fara tambayar yaya aka yi tsarin ya bari a danna. Da wannan idon nake karanta abin da ya faru a Ann Arbor, kuma idan aka bi tarihin wasan baya za a tarar sanin haɗarin ya daɗe ƙwarai a hannun masu wasan. Abin da aka shafe fiye da shekara ɗari ana kauce masa shi ne a ɗauki ikon cewa "ya isa" a damƙa wa wanda ba shi da riba ko asara a sakamakon wasa.

Sai na ɗan tsaya kan ciwon kansa, domin a nan hujjar "ai shi ya ce a bar shi" ke rushewa. Ƙwaƙwalwa tana da laushi, tana zaune ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya farat ɗaya ko ya murɗa da ƙarfi, ita tana ci gaba da tafiya, sai zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin sassanta su miƙe, sinadaran cikinsu su hargitse, ta shiga buƙatar kuzari mai yawa a daidai lokacin da ba ta iya samunsa. Hoton kai na asibiti sau da yawa ba ya nuna komai. Mafi yawan masu wannan ciwo ba sa suma. Wani ciwon kai da jiri da mantuwa ba za su bayyana masa ba sai bayan sa'o'i. Yawanci mutum kan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu in ya huta, amma in aka sake bugun kan kafin ya warke, jinyar kan yi tsawo, a wasu 'yan lokuta kuma ƙwaƙwalwar kan kumbura ta kashe mutum ko ta naƙasa shi. Muna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ciwo ya saɓa wa karin maganar, domin abin da mutum zai auna lafiyarsa da shi, shi ne ya bugu. Masu kallon ƙwallon ƙafa za su tuna Christoph Kramer na Jamus a wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 2014, watanni biyu da rabi kacal kafin lamarin Morris, wanda bayan ya bugu a kai ya ci gaba da wasa kusan minti goma sha biyar, har ya je yana tambayar alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe.

Zari-rugar Amurka a jami'o'i aka haife ta. Tarihi na ƙirga wasan farko daga karawar Rutgers da Princeton a 1869, ƙungiyoyin ƙwararru sai can baya suka zo. A shekarun farko salon wasan na taron dangi ne, a dunƙule wuri ɗaya a banke abokan karawa. A 1892 Harvard ta fito da wata dabara da 'yan wasa ke jeruwa kamar bakin mashi su taho a guje su auka wa mutum guda, abin da ya yi muni har aka hana shi bayan shekara biyu. Ba hular kirki, wasu ma gashi kawai suke tarawa.

Ranar 30 ga Oktoba, 1897, a birnin Atlanta, wani ɗan wasan Jami'ar Jojiya mai shekara goma sha bakwai, Richard Von Gammon, ya faɗi a ƙarƙashin tarin 'yan wasan Virginia, ya bugu a kai, washegari ya rasu a asibiti. Ana ba da labarin cewa da ake fitar da shi daga fili kyaftin ɗinsu ya tambaye shi ko ya sare ne, shi kuma ya ce jinin Jojiya ba ya sarewa. Ko an yi haka ko ƙawa aka yi wa labarin, yadda aka riƙa maimaita shi da alfahari ya nuna irin ɗan wasan da jama'a ke so. Majalisar dokokin jihar ta zartar da ƙudurin haramta wasan da gagarumin rinjaye, saura gwamna ya sa hannu. Sai mahaifiyar mamacin, Rosalind Gammon, ta rubuta wasiƙa tana roƙon kada a yi amfani da mutuwar ɗanta a kashe abin da ya fi so a rayuwarsa. Gwamna William Atkinson ya ƙi sa hannu. Tun daga nan wannan hujja ta zauna daram: yaron yana so, iyayensa sun yarda, to ina ruwan wani?

Shekarar 1905 ce ta kusa kai wasan ƙasa. Jaridar Chicago Tribune ta ƙirga mutum goma sha takwas da suka mutu a kakar, ko da yake mafi yawansu ba 'yan jami'a ba ne. Ranar 9 ga Oktoba shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa. Ana yawan ba da labarin kamar ya yi barazanar haramta wasan, alhali shi masoyin wasan ne, yana ganin da irinsa ake ƙera mazaje, ɗansa ma yana buga wa 'yan ajin farko na Harvard a shekarar. Ceto wasan ya je yi daga hannun irin su Charles Eliot, shugaban Harvard, da ke son a soke shi. Ranar 25 ga Nuwamba Harold Moore na Kwalejin Union ya mutu sakamakon bugun kai a wasa da Jami'ar New York. Columbia ta daina wasan, Stanford da California suka koma zari-ruga irin ta Ingila. Shugaban Jami'ar New York, Henry MacCracken, ya kira taro, kuma a ƙarshen Disamba makarantu sittin da biyu suka kafa ƙungiyar da a 1910 ta koma NCAA, hukumar da har yau ke tafiyar da wasannin jami'o'in Amurka. Aka halatta jefa ƙwallo gaba don a warwatsa 'yan wasa, aka sa 'yar tazara tsakanin sahu biyu kafin a fara hari. Wato asalin hukumar nan gawar ɗalibai ce ta kafa ta. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a 1905 ba taron fadar shugaban ƙasa ba ne. Likitan ƙungiyar Harvard ne, Edward Nichols. A wannan kakar ya tara 'yan wasa ya gaya musu cewa duk wanda ya ga abokinsa ya bugu a kai har bai san abin da yake yi ba, ya dage a tsayar da wasa a kira likita. A Janairun 1906 shi da abokin aikinsa Homer Smith suka wallafa rahoto a wata mujallar likitoci ta Boston, inda suka nuna cewa a duk wasannin Harvard na kakar, biyu ne kawai aka tashi ba wanda ya samu girgizar ƙwaƙwalwa. Nichols ya riga ya gane cewa ba a jiran wanda ya bugu ya kai ƙarar kansa. Shekara ɗari da tara kenan kafin Hoke ya tsaya gaban 'yan jarida yana cewa da yaron ba zai iya ba da ya fito.

Sani kuwa ƙaruwa ya yi ta yi. A 1928 likita Harrison Martland ya bayyana yadda 'yan damben zamani ke lalacewa sannu a hankali saboda yawan dukan kai. A 1933 NCAA da kanta ta fitar da ɗan littafin kiwon lafiya da ya ce ana raina wannan ciwo, ya kuma ba da shawarar wanda alamun suka wuce masa kwana biyu kada ya yi wasa sai bayan kwana ashirin da ɗaya ko fiye, in ma zai sake yi. A 1952 wani likitan Harvard, Augustus Thorndike, ya rubuta cewa wanda ya samu ciwon sau uku ya haƙura da wasan. Duk shawarwari ne. Ba wanda aka ɗora wa alhakin bi, ba wanda za a hukunta in ya ƙi.

Hular kwano ma ta zo da nata. A 1939 aka wajabta sa hula a wasannin jami'a, daga baya ta roba mai tauri ta maye gurbin ta fata, aka ƙara mata ƙarfe a fuska. Ta rage fashewar kai da karyewar hanci, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa jijjiga a cikin ƙoƙonta, sannan ta ba 'yan wasa makami. Kociyoyi suka shiga koyar da tunkarar mutum da kai kamar rago. A 1968 mutum talatin da shida suka mutu kai tsaye ta dalilin wasan a duk matakai, sai a 1976 aka hana wannan salon, karyewar wuya ta ragu sosai. A nan doka ta yi aiki domin alƙalin wasa na ganin laifin da idonsa, kuma shi ba ya cikin kowace ƙungiya.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda in ba da ita ba ba za a gane shirun ɗan wasa ba. A 1955 Ray Dennison na kwalejin Fort Lewis a jihar Colorado ya mutu bayan bugun kai a wasa. Matarsa ta nemi diyya irin wadda ake ba iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki. Kotun ƙolin jihar ta hana ta, bisa hujjar cewa kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba. A wannan zamanin ne NCAA ta yaɗa laƙabin "ɗalibi ɗan wasa", kuma Walter Byers, wanda ya shugabance ta daga 1951 zuwa 1987, ya faɗa a littafinsa na 1995 cewa da gangan aka ƙirƙiro laƙabin don a toshe irin wannan ƙara. Daga 1973 kuma tallafin karatun ɗan wasa ya koma na shekara-shekara, koci ne ke cewa a sabunta ko kada a sabunta, haka aka tafi kusan shekara arba'in. To a duba matsayin yaro mai shekara goma sha tara, wataƙila shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a, wanda karatunsa da burinsa na shiga gasar ƙwararru ta NFL duk suna hannun mutum ɗaya, ga kuma wani a benci yana jiran gurbinsa. Shi ake so ya ɗaga hannu ya ce kaina na juyawa.

Wanda ya tayar da ƙurar zamaninmu ɗan Najeriya ne. Bennet Omalu ya karanta likitanci a Jami'ar Najeriya, ya yi aiki a Jos kafin ya tafi Amurka, kuma a 2002 yana aikin binciken gawa a Pittsburgh aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon gwarzon ƙungiyar Steelers da ya ƙare rayuwarsa cikin ruɗewa. Omalu bai taso da wasan ba, ba ya jin nauyinsa, ina ganin hakan ya taimaka. Ya yanka ƙwaƙwalwar ya duba, ya tarar da tarin wani sinadari mai suna tau, ya wallafa sakamakon a 2005 da sunan cutar CTE. Likitocin NFL suka nemi a janye rahoton, ba a janye ba. Da farko an ɗauka matsalar tsofaffin ƙwararru ce. Sai a Afrilun 2010 Owen Thomas, kyaftin a ƙungiyar Jami'ar Pennsylvania, ɗan shekara ashirin da ɗaya, ya kashe kansa, masu bincike na Jami'ar Boston suka ga farkon cutar a ƙwaƙwalwarsa, alhali ba a taɓa rubuta cewa ya samu girgizar ƙwaƙwalwa ko sau ɗaya ba. A 2017 cibiyar ta Boston ta sanar da cewa a cikin ƙwaƙwalwa 53 na waɗanda suka tsaya a matakin jami'a, 48 na da cutar. Wajibi ne a karanta wannan adadi da hankali, domin iyalan da suka ga alamun damuwa ne suka fi ba da gawar 'yan uwansu, ba za a ce haka abin yake ga duk wanda ya buga wasan ba. Amma ya isa ya nuna cewa ƙananan duka masu yawa ma abin tsoro ne, ba sai wanda ya sa mutum tangaɗi ba.

A 2010 NCAA ta wajabta wa kowace makaranta ta rubuta tsarin kula da ciwon: a fitar da wanda ake zargi, kada ya koma a ranar, likita ne zai ba da izinin dawowa. A takarda ya yi kyau. Sai dai a lokacin hukumar ba ta bin sawu, kuma a makarantu da yawa masu kula da lafiyar 'yan wasa a ƙarƙashin sashen wasanni suke, wasu ma koci na da ta cewa a ɗaukarsu da korarsu. A 2013 jaridar Chronicle of Higher Education ta tambayi irin waɗannan ma'aikata kimanin ɗari a manyan makarantu, kusan rabinsu suka ce an taɓa matsa musu su mayar da ɗan wasa fili kafin lokaci. A wurin aikinmu wanda ya rubuta manhaja ba shi ke sa hannun amincewa da ita ba, kuma in mai sa hannun yaron wanda ke gaggawar a sake ta ne, to sa hannun ado ne. Ko gwajin kwamfuta da ake yi wa 'yan wasa kafin kaka, don a kwatanta da shi bayan sun bugu, yana da ɓaraka irin wannan. Wanda ya san amfanin gwajin zai iya yin sakaci da gangan a karon farko, yadda ko ya bugu makinsa ba zai nuna faɗuwa ba.

Yanzu mu koma kan magoya baya, domin su ma suna cikin tsarin, ba 'yan kallo kawai ba ne. Ranar Talatar da sanarwar Brandon ta fito, ɗaruruwan ɗalibai suka yi gangami har ƙofar gidan shugaban jami'a, Mark Schlissel, suna neman a kori Brandon. Ya ajiye aiki ranar 31 ga Oktoba, aka sallami Hoke ranar 2 ga Disamba. Ana iya cewa jama'a sun tsaya wa yaro. Amma a tuna Michigan ta riga ta sha kashi 31 da nema a hannun Notre Dame a wannan kakar, Utah ma ta doke ta a gida, ɗalibai na jin haushin tsadar tikiti, ga kunyar da suka sha a makon da aka ga ana ba da tikitin wasa kyauta ga wanda ya sayi kwalbar Coca-Cola biyu. Ƙungiyar ta ƙare kakar da nasara biyar, rashin nasara bakwai.

A ajiye wannan kusa da abin da ya faru a Texas Tech a Disambar 2009. Wani ɗan wasa, Adam James, likita ya tabbatar yana da girgizar ƙwaƙwalwa, iyalinsa suka yi ƙorafin cewa koci Mike Leach ya sa an tsare shi a tsaye cikin wani ɗaki mai duhu lokacin atisaye. Leach ya musanta cewa ya wulaƙanta shi. Jami'a ta kore shi ranar 30 ga Disamba, ana saura kwana ɗaya ya cancanci wani ladan dala dubu ɗari takwas, abin da ya sa da yawa suka ce dama neman hanyar rabuwa da shi ake yi. Wataƙila haka ne. Amma Leach shi ne kocin da ya fi kowa cin wasa a tarihin makarantar, a 2008 ya ci goma sha ɗaya cikin goma sha uku, kuma magoya baya bayansa suka bi. Yaron da mahaifinsa, wanda a lokacin mai sharhi ne a tashar ESPN, su suka sha zagi na shekaru. Ciwo iri ɗaya, ƙasa ɗaya, shekara biyar tsakani. A ganina abin da ya bambanta hukuncin jama'a a wuraren biyu shi ne allon sakamako. Da Michigan na kan gaba da ci ashirin a ranar, ina kyautata zaton da labarin jarumtar Morris aka kwana ana yi, kamar na Gammon.

Duk da haka fushin ya haifar da abu mai amfani. Michigan ta sa ma'aikacin lafiya a saman fili, yana kallon talabijin, yana da hanyar magana kai tsaye da na ƙasa. Daga 2015 rukunin Big Ten, wanda Michigan ke ciki, ya sa irin wannan mai sa ido wanda ba na kowace ƙungiya ba, da ikon sa alƙali ya tsayar da wasa. A Janairun 2016 manyan rukunai biyar suka zartar da dokar cewa hukuncin likita da mai kula da lafiya kan dawowar ɗan wasa ba mai ikon ƙalubalantarsa, kuma kada koci ya zama shi ne shugabansu a wurin aiki. Abin da Nichols ya nema ke nan, an ba shi bayan shekara ɗari da goma. Ed Cunningham, wanda ya yi sharhin wasan Morris kai tsaye kuma ya yi tir da barinsa a fili tun a lokacin, ya ajiye aikinsa a ESPN a 2017, ya ce ba zai iya ci gaba da yi wa wasan kirari ba.

Musun bai mutu ba, salo ya sake. Tun 2013 dokar jami'o'i ta ce wanda ya nufi kan abokin karawa ko wuyansa da duka a kore shi daga wasan, kuma da wuya a yi Asabar ba a ji 'yan kallo na yi wa alƙali ihu a kan wannan ba, suna cewa an mayar da wasan maza na rago. Idan tauraron ƙungiyarsu ne likita ya riƙe ana gobe babban wasa, sai ka ji ana tambayar wane irin likita ne wannan. Idan na abokan hamayya ne aka sake shi da wuri, sai kowa ya zama masanin ƙwaƙwalwa.

Kuma duk wannan cece-kuce a kan abin da kyamara ta ɗauka ne. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya bi 'yan wasa a manyan makarantu shida daga 2015 zuwa 2019, ya gano kashi 72 cikin ɗari na girgizar ƙwaƙwalwa a wurin atisaye suke faruwa, kusan rabi kuma a 'yan makonnin share fage kafin kaka ta fara. Can babu mai sa ido daga sama, babu mai sharhi, babu mutum dubu ɗari. Koci ne ke tsara sau nawa za a yi karo da kuma tsawon lokacin. Wasu sun nuna ana iya ragewa: Buddy Teevens na Dartmouth ya hana 'yan wasansa kayar da juna a atisaye tun 2010, sauran makarantun rukuninsu na Ivy suka bi sahu a 2016 a lokacin kaka, NCAA kuma ta rage ranakun karo na share fage a 2021.

A irin wannan atisaye ne Derek Sheely ya faɗi a Agustan 2011, a Jami'ar Frostburg da ke jihar Maryland, ƙaramar makaranta a mataki na uku inda ba a ba da tallafin karatu don wasa, ba kuma talabijin. Shekarunsa ashirin da biyu. A ƙarar da iyayensa suka shigar sun ce kwanaki ana sa su wani atisaye na karo da kai, goshinsa na ta zubar da jini ana ɗaure masa, kuma da ya ce kansa na ciwo wani mataimakin koci ya ce ya daina raki ya koma. Ya yanke jiki ya faɗi, ya rasu bayan kwana shida. Iyayen sun haɗa da NCAA a ƙarar. A amsar da lauyoyinta suka ba kotu a 2013, hukumar da mutuwar Harold Moore ta kafa ta ce doka ba ta ɗora mata alhakin kare 'yan wasa ba. A 2016 aka sasanta a kan dala miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ba tare da kowa ya amsa laifi ba, kuɗin kuma suka tafi gidauniyar da iyayen suka buɗe da sunansa.